Gwaggo Kande da Akuyar Ajiya

Ku da kuka zauna da Gwaggo Kande mai daddawa kun san ba ta faɗin farashin abu da kuɗi. Ka nuna mata sabon zane, sai ta murza gefensa da yatsu biyu ta ce, "Kaza biyu da ɗan tsako." Ka ce mata wane ya yi gini, sai ta ce, "Awaki nawa ginin ya haɗiye?" Ni kaina ban tsira ba, ni da nake 'yar ƙaninta. Ran da aka shigo da sadakina cikin gida, mata na ta sa albarka har da dangin miji, ita tana gefe tana lanƙwasa yatsu. Can sai ta ɗago kai ta ce, "Ashe duk tsawon nan na Asabe tunkiya uku ce, ko ɗa babu!" Wayyo ni! Ina bayan ƙyaure na rasa inda zan sa fuskata. Har maigidana ya koma ga Allah, in yana son ya tsokano ni sai ya ce, "Tunkiya uku, kawo ruwa."

Ba haka kawai ta tsani kuɗi ba, tsohuwar gaba ce tsakaninsu. Shekarar da aka kashe fam aka kawo naira, Gwaggo na da 'yar tukunya binne a ƙarƙashin gadonta, gumin shekara da shekaru. Aka yi ta shela kowa ya kai nasa a canja masa. Babana ya je har ɗakinta ya roƙe ta, ta ce, "In ɗauki gumina in miƙa wa ƙaton da ban san uwarsa ba, ya ba ni wata takarda? Kuɗi ai ba tuwo ba ne da zai yi tsami." Sai da wa'adi ya wuce da nisa sannan ta tone tukunyar za ta sayi buhun kalwa. Mai kalwa ya juya takardar gaba da baya ya ce, "Iya, wannan ai ya rasu."

Ba ta yi kuka ba, ba ta kai ƙara ba. Washegari na bi ta inda take kasa daddawarta a bakin kasuwa, na tarar wata mata daga Gauraka ta sayi ta kwabo biyu, Gwaggo na ƙunshe mata a takardar fam guda. Fam guda, jama'a! Na dafe ƙirji na ce, "Gwaggo, fam ne fa!"

Ta ce, "A da ke nan. Yanzu ganye ne, kuma ya fi ganye riƙe daddawa." Ta miƙa wa matar, sannan ta juyo kaina. "Ke Asabe, tun da uwarki ta haife ki, kin taɓa jin gwamnati ta tashi da safe ta ce daga yau akuya ta daina aiki?"

Daga ranar kwabo bai sake kwana a hannunta ba. Abin da ta samu a ciniki, kafin la'asar ya zama ƙwai, ko tsako, ko mudun dawa.

Da ƙwan nan take biyan kuɗin mota. Wata rana mun shiga akori-kura za mu Madalla sayen kalwa, karen mota ya miƙo hannu, ta kwance bakin zane ta zuba masa ƙwai huɗu. Ya ce, "Iya, direba ba ƙwai yake zuba wa tanki ba." Ta ce, "To sauke ni, amma ka mayar da ni daidai inda ka ɗauko ni." Mun riga mun yi nisa, fasinja suka fara surutu, ɗan talikin ya yi tsaki ya zura ƙwan a aljihun gaban riga. Ba mu yi wata tafiya ba mota ta faɗa rami, ƙirjinsa ya bugi ƙarfe, sai ji muka yi fus! Gwaiduwa ta bi ciki har wando.

Ya ce, "Iya, sai ki sake biya!"

"Da na ba ka, lafiyayyu ne ko fasassu?"

"Lafiyayyu."

"A aljihun wa suka fashe?"

Ya dubi gaban rigarsa.

"To ɗan nan, kuɗinka ne ya zube, Allah ya mayar da alheri. Naka ma da sauƙi, kana iya lashewa. Ni da nawa ya lalace ko abin lasa ban samu ba."

Amma abin da ya sa na ɗauko zancen nan shi ne akuyar ajiya, don na ji yaran yanzu na ba da labarin a karkace, wai Gwaggo ta yi shari'a da mai gidan haya a kan bunsuru. Ba bunsuru ba ne, kuma a gabana aka yi komai.

A lokacin gida ɗaya muke haya da ita, gidan Alhaji Sale a bayan kasuwa, ɗakinta na kallon namu. Ɗakunan ƙasa ne da rufin kwano, katanga ɗaya ta raba mu da inda iyalinsa suke. Haya a da ba wani abu ba ce. Ƙarshen wata Gwaggo ta aika wa matan Alhaji da kaza da ƙullin daddawa, shi ke nan an rabu lafiya. Sai ga labari wai a nan kusa da mu za a gina babban birnin ƙasa. Kafin ka ce kwabo gari ya cika da baƙi, masu awo, leburori, direbobi, akawuna, kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Ɗakin da ko jaki ba ya so a da ya zama abin rububi. Alhaji ya je Kaduna ya kwana biyu, ya dawo da sabuwar hula da sabuwar magana.

Ya tara mu a zaure ya ce, "Daga yau kowane ɗan haya zai ajiye kuɗi a hannuna, kuɗin ajiya. Haka ake yi a Kaduna, haka ake yi a Ikko. Ran da mutum zai tashi, in bai ɓata mini ɗaki ba, in mayar masa da abinsa cif."

Mu dai ba mu taɓa jin irinta ba, muka yi ta kallon juna. Gwaggo ta ce, "Tsaya Alhaji in gane. Wato in biya ka ɓarnar da ban yi ba tukuna?"

"Ajiya ce, Kande, ba biya ba."

"In mutum ba shi da ita fa?"

"Sai ya ba ni ɗakina, ga masu so nan a layi."

Maigidana ya sayar da rediyonsa ya biya namu. Gwaggo kuwa shekarar ciwo ya share mata kaji, ba abin da ya rage mata sai Ƙyalla.

Ƙyalla jar akuya ce mai farin gashi da ya zagaye mata ciki kamar ɗamara, kuma asali ba ta Gwaggo ba ce, ta Hajara ce. Ga waɗanda ba su riski Hajara ba, ita ce 'yar Gwaggo ɗaya tilo, sa'ata ce, tare muka tashi. Ta rasu a haihuwar fari, abin da ke cikin ma bai zo da rai ba. Ita ta raini akuyar tun tana 'yar mitsitsiya, da ragowar koko a tafin hannu. Da aka zo rabon abin da ta bari, Gwaggo ta ce kwanuka da tasoshi kowa ya ɗiba, ta riƙe igiya ta ce, "Kwano ba ya numfashi. Wannan kaɗai Hajara ta bar mini mai numfashi." Jikata take ce mata. Tana tankaɗe tana ba ta labarin unguwa, in akuyar ta yi kuka ta ce, "Ai na faɗa miki, halinsu ke nan."

Na ce, "Gwaggo, don girman Allah kada ki ba shi Ƙyalla. Bari mu nemo rance."

Ta ce, "Ke yarinya ce. Kuɗi in ya shiga aljihun Alhaji ya gauraya da 'yan'uwansa, wa zai ce ga nawa? Amma akuya tana da fuska. Ran da na zo karɓa sai in nuna in ce ga tawa can, ba gardama."

Haka ta ja ta har ƙofar gida, a gaban masu zaman dakali ta ce, "Ga ajiyata. Abin da ta haifa nawa ne, kashinta naka ne, ka kai gona." Alhaji ya yi kamar zai ƙi, sai ya lura cikin akuyar ya yi nauyi, ya ce to ai ba laifi, dabba ma dukiya ce.

Da fari a cikin gidansa aka ɗaure ta, kullum safiya Gwaggo na zagayawa da dusa da harawa. A nan ta haifi tagwaye, Gwaggo ta soya waina ta raba wa maƙwabta, wai an yi mata tattaɓa kunne. Bayan wasu watanni amaryar Alhaji ta haihu, ya ce gida zai cika da 'yan suna, awaki za su dami mutane, don haka ya aika da su gonarsa ta Garam, can akwai ciyawa da mai kula. Ran Gwaggo bai so ba, amma ta ce in dai jikarta za ta ƙoshi ba komai. Daga nan duk inda ta hango shi sai ta tare shi.

"Alhaji, ya jikata?"

"Lafiya lau, ta yi ɓul-ɓul. Ta ma sake haifar biyu."

Sai ta ƙulla masa kanwa da dusa ya kai mata. In ta ce za ta je ta gano ta, ya ce hanya ta lalace a bari sai rani. Rani ya zo, ya ce mai kula da gonar ya yi tafiya, ga karnuka a sake. Gwaggon da ba a taɓa cutarta da ƙwai ɗaya ba a kasuwa, ta yarda, don tana son labarin ya zama gaskiya.

Aka kai shekarar da aka ɗauke wa garin nan sunansa aka ba sabon birni, aka ce mu yanzu 'yan Suleja ne. Gwaggo ta ce, "To, sun canja kuɗi, sun canja gari, saura su canja mana iyaye." A shekarar ne Alhaji ya samu wani akawu da zai biya shi abin da bai taɓa mafarki ba, ya ce wa Gwaggo ta nemi wani wuri. Ba ta ja ba, don maigidana ya riga ya ɗora ɗaki biyu a filinsa, da ma tare za mu koma. Ta ce, "Ba komai Alhaji, gida naka ne. Ba ni jikata da 'ya'yanta huɗu in kama gabana."

Sai Alhaji ya zaro carbi. Na ɗauka salati zai yi, ashe lissafi ne. Ya shiga ɗakin ya ɗaga kai sama, ya ja ƙwaya ɗaya.

"Baƙin hayaƙin nan da kika yi wa bango da kwano, ɗan akuya guda. Ramukan ƙusa inda kike rataye faifai da ludayi, guda. Daɓen da turminki ya ƙwaƙule, guda." Ya fito tsakar gida ya nuna rijiya. "Igiyar guga, kin fi kowa jan ruwa saboda wankin kalwa, guda."

Ina tsaye bakina a buɗe. Na ce, "Alhaji, igiyar da gida duka ke ja?" Ko kallona bai yi ba. Ya koma bakin ƙofa ya toshe hanci da hannun riga.

"Sai wari. Kande, warin daddawarki ya shiga bango, ya shiga azara, ya shiga har ƙyaure. Wannan uwar ce gaba ɗaya. Da sauran ciko ma a kanki, amma na yafe saboda zaman tare."

Innalillahi! Ni dai tun da nake ban taɓa jin an sa wa wari farashi ba. Gwaggo ta miƙo mini hannu ta ce, "Asabe, riƙe ni."

Na ce, "Jiri ne, Gwaggo?"

"A'a. Taɓarya na kusa."

Da yamma muka je gaban Mai Unguwa, wani tsoho mai sanyin magana da ba ya son hayaniya. Ya saurari kowa, ya shafa gemu ya ce shi dai abin da ya sani, ɓarna in an gyara ta ba sauran bashi. Kande ta gyara ɗaki kafin ƙarshen wata, in ya koma yadda yake a ba ta dabbobinta. Alhaji ya amsa da sauri, don a ganinsa tsohuwar da ba ta riƙe kwabo ina za ta samu na magini.

Magini kuwa ba ta ko neme shi ba. Mai daddawa ba ta rasa ɓawon ɗorawa, da shi ake jiƙa makuba, ruwan nan da ke sa daɓe ya yi ƙarfi ya yi sheƙi. Ta bi gida-gida ta gayyato matan unguwa, kowace da madaɓinta. Aka zuba tsakuwa da jar ƙasa, aka yayyafa makuba, aka shiga bugu ana waƙa, waƙar kuwa duk a kan wani mai carbi ce da ba a kama suna ba. Matan Alhaji na jiyowa ta katanga, uwargidan har da amshi. Ramukan ƙusa ta liƙe da yumɓu, bango ta kankare ta shafe da farar ƙasa. Na shigo mata da abinci na tarar ta kife turmi ta hau kai, tana goge cikin rufin kwano da toka da soso. Mace da furfura! Na ce, "Gwaggo sauko, za ki karye!"

Ta ce, "In na karye ki faɗa wa Alhaji ƙafata saniya ce."

Igiya kuwa da kanta ta tuƙa sabuwa da rama. Da ta gama ta gwada da tsohuwar, ta ga tata ta ɗara da kamu ɗaya, sai ta sa wuƙa ta yanke rarar ta ƙulle a zane ta ce, "Wannan ban ci masa ba."

Wari ne ya gagara. Ta yi turaren wuta, ta ƙona ɓawon lemo, ta bar ƙofa a buɗe kwana da kwanaki, amma in ka shiga sai ka ji kamar amarya ce ta faɗa tukunyar miya. Gwaggo ta zauna a bakin ƙofa ta yi tagumi, abin da ban saba gani ba, ta ce, "Asabe, 'ya'yan na ƙwato su. Uwar nake jin tsoro."

Ranar dubawa Mai Unguwa ya zo da kansa, ga Alhaji, ga kuma sabon ɗan hayar da akwatinsa a hannu, wani Mista Okoro daga kudu, akawun masu awon sabon birni. Mai Unguwa ya taka daɓe, ya shafa bango, ya ja igiya, ya ce 'ya'yan akuya huɗu sun fita. Alhaji ya shiga ɗakin yana ta jan hanci kamar mai mura. "Ranka ya daɗe, ji fa! Wane ma'aikacin gwamnati ne zai iya kwana a nan?"

Mai Unguwa ya ce, "To ga mai kwanan nan, a tambaye shi."

Mista Okoro ya ajiye akwati ya shiga. Ya tsaya a tsakiyar ɗaki ya ja numfashi, ya sake ja, ya rufe ido. Muka ce shi ke nan, yanzu zai fito da gudu. Sai muka ji ya kira sunan Allah da yarensu, "Cineke!" Ya leƙo yana neman Gwaggo da 'yar guntuwar Hausarsa. "Mama, kai ne kana yi wannan abu? Wannan ƙanshi na miyan uwana ne! Tun na bar gida ban ji shi ba. Alhaji, kar ka taɓa, kar ka wanke, ni ina so haka."

Mata suka ɗauki guɗa. Alhaji ya tsaya da hannun riga a hanci, ya rasa ko ya sauke ko ya bari. Gwaggo ta gyara ɗaurin kallabi ta ce, "Ranka ya daɗe, ashe ni ke bin bashi. Ƙanshin nan a ƙalla zakara ne. Amma na bar wa ɗan nan, tun da ya san darajar uwa." Mai Unguwa ya ce gobe da hantsi a kawo akuya da 'ya'yanta ƙofar gidansa.

Ba zan manta shirin da ta yi ba. Zanen sallarta ta ɗaura, ta zizara kwalli, ta ƙulla dusa a gefen mayafi. Duk hanya tambayata take yi ko Ƙyalla za ta gane ta.

Ƙofar Mai Unguwa ta cika, don labari ya zaga unguwa. Alhaji ya riga mu zuwa, ya shimfiɗa buzunsa a cikin maza ya zauna, babbar riga ta baje ta rufe ko'ina. Can sai ga wani mutum ya jawo wata ƙatuwar jar akuya da matasa huɗu a bayanta, duk sun sha kiwo. Mutane suka fara ma sha Allah. Gwaggo ta dube ta sau ɗaya ta ce, "Wannan 'yar gidan wa ce?"

Alhaji ya ce, "Akuyarki ce mana, ƙiba ce ta canja ta."

"Ƙiba na cinye fari? Ina ɗamararta?"

"Ruwan Garam ne, Kande. Jan ruwa ne, yana rina dabba."

Aka kwashe da dariya, har Mai Unguwa ya sunkuyar da kai. Alhaji ya ji dariyar ta yi masa yawa, ya miƙe zumbur ya nufi akuyar, wai zai buɗe bakinta a ga haƙora sun yi daidai da shekarun Ƙyalla. Tashin da ya yi ya bar buzun a fili. Jan buzu ne, farin gashi ya ratsa tsakiyarsa daga gefe zuwa gefe.

Ina ganinsa na gane shi. Na juya in tare Gwaggo kada ta gani, ashe ta riga ni. Ta ratsa tabarmin maza, abin da mace ba ta yi, ba wanda ya ce mata kanzil. Ta durƙusa ta ɗora tafin hannu a kan farin, ta shafa shi ta inda gashin ya kwanta. Dariya ta ɗauke ɗif.

A hankali ta ce, "Ga ta nan. Alhaji, a kan jikata kake zaune?"

Wallahi na yarda shi kansa ya manta fatar wace ce. A wurinsa fata fata ce, an jeme an kawo masa, ya ga ta yi kyau ya mai da ta abin sallah. Ya dubi buzu, ya dubi baƙuwar akuyar. Mai Unguwa ya ce, "Alhaji, faɗi gaskiya, ita ta rage maka." Sai ga ta tana fitowa guntu-guntu. Ƙyalla ba ta taɓa taka Garam ba. Ran sunan ɗansa baƙi sun yi yawa, rago bai isa ba, aka ƙara da ita, da niyyar zai saya ya mayar. Tagwayen ya sayar a Madalla, biyun bayan kuwa ba a taɓa haifarsu ba. Duk lissafin carbin nan don kada a ce ya fito da ita ne.

Gwaggo ta ce, "Dusar da nake ba ka fa, da kanwar?"

Ya ce, "Ragona ne..." Bai ƙarasa ba.

Ni kuwa hankalina ya riga ya koma ran sunan nan, ina roƙon Allah kada nata ya je can. An aiko mana da shinkafa da nama mu 'yan haya, kowane ɗaki da kwanonsa. Gwaggo ta ci tana santi, ta ce Alhaji marowaci ne amma ya san nama. Sai na ga ta ɗago kai tana nemana a cikin mata.

"Asabe. Naman nan mai laushi? Wanda na aike ki da kwano ki ƙaro mini romo?"

Na kawar da kai. Ta dafe cikinta da hannu biyu, ta daɗe a haka. Na ga Gwaggo ran da aka ce kuɗinta ya rasu, na gan ta ran da aka fita da Hajara, amma irin fuskar nan ban taɓa gani ba. Wata tsohuwa a bayana ta fara salati, sauran suka kama.

Mai Unguwa, mutumin da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya ce, "Alhaji Sale! Shekara da watanni kana kai goshinka ƙasa a kan amanar baiwar Allah? Me kake faɗa wa Ubangiji a kai?" Ya ce awakin nan biyar na Kande ne, kuma ta faɗi abin da za a ƙara mata. Alhaji ya zura hannu a aljihu ya damƙo naira ya miƙa. Ko kallo ba ta yi ba, ta ce, "Mai da ganyenka." Na ɗauka awakin ma za ta ce ba ta so. Ina! Gwaggo ce fa. Ta ce, "Asabe, kama igiya, waɗannan haƙƙina ne. Ki duba ta bayan nan, kamar tana ɗingishi, in haka ne a canja."

Ta kwance dusar da ta ƙullo, ta tsaya tana kallonta, sannan ta zuba wa baƙuwar akuyar. Ta naɗe buzun a hankali, ta ɗora shi a baya, ta ja mayafi ta ɗaure a ƙirji yadda ake goyon jariri. Haka muka ratsa kasuwa, ita a gaba da goyonta, ni a baya da awaki biyar. Kasuwar da ba ta wucewa ba a tsokane ta ba, ranar ko mahauta ba su ce uffan ba.

Awakin sun yi albarka, sun cika mana gida, amma ko ɗaya ba ta sa wa suna ba. Buzun ta mayar abin sallarta. In ta sallame takan daɗe zaune tana shafa shi, tana yi wa Hajara addu'a, har gashin ya ƙare ya koma fata zalla.

Da Alhaji Sale ya kwanta ciwon ajali, ya aiko babban ɗansa neman gafara. Ta bar shi durƙushe har ta gama tankaɗe, sannan ta ce, "Ka ce masa akuyar na yafe, 'ya'yan na yafe, ƙaryar Garam ma na yafe. Romon da ya sa na sha ne nake shawara tukuna." Ɗan ya tashi ya fita. Bai kai zaure ba ta ƙwala masa kira. "Kai, dawo! Ka ce har romon. Kada ya tafi da shi a wuya."

Ita ma da nata lokacin ya zo ba ta bar wasiyyar komai ba, sai cewa da ta yi a sa mata buzun a ƙarƙashin kai. A kansa ta cika.

Allah ya jiƙan Gwaggo Kande, ya yafe mata kurakuranta yadda ta yafe na wasu. Allah ya haɗa ta da Hajara da jikan da ba ta samu ta goya ba, a gidan da ba haya, ba mai cewa a tashi. Amin.